Idan FileZilla ya ƙi shiga saba: yadda za ka gano inda ya tsaya, ka gyara

Matasan da ke kula da shafukan intanet na ƙungiyoyi, makarantu da gidajen rediyo a nan Yamai sun dame ni da tambaya guda: "Malam, na sa komai daidai, amma FileZilla ya ƙi shiga." FileZilla manhaja ce ta tura fayiloli daga kwamfutarka zuwa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka, ta hanyar da ake kira FTP. Wasu har hoton fuskar kwamfutar suke turowa, sai ka tarar layin ƙarshe kawai suka ɗauko, jan rubutun nan mai cewa "Impossible d'établir une connexion au serveur". Wannan layi ba ya ƙara maka komai a kan abin da ka riga ka sani. Dalilin yana layi biyu ko uku a samansa.

Tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, zan kira maɓallai da sunayen da za ka gani a gabanka. Amsoshin saba kuwa da Ingilishi suke zuwa ko da wane harshe ka saita, don haka lambobinsu za ka riƙe.

Kafin ka fara, tanadi saƙon da kamfanin da ya ba ka masaukin shafi ya aiko ranar da aka buɗe asusun, da hanyar shiga cPanel (wurin da kake sarrafa masaukinka) ko shafin abokin ciniki, da waya mai layin wani kamfani daban da wanda kake aiki da shi yanzu. FileZilla na yau da kullum kyauta ne, a filezilla-project.org ake ɗauko shi. Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin lasisi, cutar ka zai yi. Lokacin girkawa, idan ya miƙo maka wata manhaja ta daban, ka ƙi karɓa. Abin da aikin zai ci maka shi ne forfe da haƙuri.

Ƙa'ida guda kafin komai: abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya canza ƙofa (lambar da ake sawa a filin Port) da kalmar sirri da katangar tsaro a lokaci guda, ko ya shiga bai san abin da ya gyara ba, gobe kuma zai dawo.

1. Karanta bayanan da ke sama

Farin filin da ke ƙasan Hôte da Identifiant shi ne inda FileZilla ke ba da labarin tafiyarsa. Idan lafiya lau ne, jerin yana tafiya haka: "Résolution de l'adresse", sai "Connexion à" da lambar adireshin saba, sai "Connexion établie, attente du message d'accueil", sai "Initialisation de TLS" (TLS shi ne ke ɓoye bayanan da ke tafiya tsakaninka da saba), sai "Connecté", sai "Récupération du contenu du dossier". Duba a wane layi naka ya tsaya.

Idan a na farko ne, sunan saba ne, je mataki na 3. Idan ya tsaya a "Connexion à", ƙofa ce ko rezo, mataki na 4. Ka ga lamba 530, mataki na 5. Ya maƙale wajen TLS, na 6. Ya ce "Connecté" amma folda ba ta bayyana ba, na 7 da na 8. Ya shiga, ya fara tura fayil, ya katse a hanya, na 9. Amma kowa ya fara bi ta na 2.

2. Intanet ɗin kansa

Buɗe wani shafi da ba ka saba buɗewa ba. Shigowar saƙon WhatsApp ba shaida ba ce, domin akwai forfe da na WhatsApp da Facebook ne kaɗai, sauran intanet a rufe yake. Idan akwai VPN a kunne, kashe shi. Kuma kada ka gwada da rubuta ftp:// a Chrome ko Firefox: dukansu sun cire FTP tun 2021, Chrome daga fitowa ta 88, Firefox daga ta 90, don haka ƙin buɗewarsu ba ya nufin sabarka ta lalace.

3. Sunan saba

Alamar wannan matsala ita ce "EAI_NONAME". Kwamfutar ta nemi sunan da ka rubuta ba ta same shi ba. A filin Hôte suna kawai ake sawa: ba http://, ba https://, ba /public_html a bayansa. Kuma ba kullum ne yake zama ftp. da sunan shafinka ba. A kamfanin masauki na OVH, misali, sunan yana zuwa da siffar ftp.cluster da lamba sannan .hosting.ovh.net. Kwafo shi daga saƙon kamfanin, kada ka ƙaga shi da ka.

Idan sunan daidai yake, buɗe Invite de commandes ka rubuta nslookup, ka bar sarari, ka rubuta sunan. Ya dawo da lambar adireshi, to sunan yana raye. Rubuta ipconfig /flushdns ka sake gwadawa. Bai dawo da komai ba, duba ko wa'adin sunan shafin ya ƙare. Wannan ya fi faruwa a ƙungiyoyi: wanda ya sayi sunan da katinsa ya bar aiki, takardar tuni tana zuwa akwatin saƙonsa, ba wanda ya sani sai ranar da komai ya tsaya. Idan kuma jiya ko yau aka sayi sunan ko aka sauya masauki, yana iya ɗaukar har kwana 2 kafin ya bazu. Kafin nan sa lambar adireshin saba a Hôte, tana nan a cPanel.

Hattara: idan shafinka yana bayan Cloudflare da gajimaren nan mai ruwan lemo a kunne, FTP ba ya bi ta nan. Yi amfani da lambar adireshin saba ko sunan da kamfanin masauki ya ba ka.

4. Ƙofa da irin haɗin

FTP ta ƙofa 21 yake shiga. SFTP, wanda sunansu kawai ya yi kama amma hanyarsa daban ce, ta 22 yake shiga. FTP mai TLS da ake kira implicite kuma ta 990. Wasu kamfanoni suna sauya ta SFTP: Hostinger na amfani da 65002, Namecheap 21098 a masaukin haɗaka. Ka zaɓi SFTP ka buga ƙofa 21, ko akasin haka, za ka ga "ECONNREFUSED" ko ya yi shiru har daƙiƙa 20 su cika ya katse.

Daga nan ka daina amfani da Connexion rapide. Danna Ctrl da S, Gestionnaire de Sites zai buɗe, ka ƙirƙiri sabon shafi ka zaɓi Protocole da Port da hannunka.

Yanzu gwajin da ya fi kowanne amfani. Buɗe PowerShell ka rubuta wannan, ka sa sunan sabarka a madadin sunansaba:

Test-NetConnection sunansaba -Port 21

Jira kaɗan, ka duba layin ƙarshe, TcpTestSucceeded. Idan True ne, ƙofar a buɗe take, matsalar tana gaba. Idan False ne, cire kwamfutar daga wifin da take kai, ka raba mata intanet ɗin wayarka, ka maimaita. In kana kan Airtel gwada Moov ko Zamani, ko akasin haka. Abin nema dai shi ne adireshinka, wato lambar da saba ke gane ka da ita a intanet, ya canza. False a wifin ofis, True a waya: ko dai mai kula da rezon ofis ya rufe ƙofa 21, abin da ma'aikatu da manyan makarantu ke yawan yi, ko saba ta toshe adireshin ofis ɗin. False a duka biyu: saba ce a ƙasa ko ƙofar ba ita ba ce, tsallaka zuwa mataki na 10.

5. Lamba 530: suna ko kalmar sirri

"530 Login authentication failed" ko "530 Login incorrect" labari ne mai daɗi ta wani ɓangare, domin yana nufin ka isa har bakin saba, ta ji ka, ta ƙi ka.

Gargaɗi tun kafin ka taɓa komai: kada ka ci gaba da danna Connexion kana fatan a karo na shida za ta karɓa. Yawancin sabobi suna ƙirga kuskure, idan ya yi yawa su toshe adireshinka na ɗan lokaci, wani sa'in har sai ka roƙa. Daga nan saƙon zai sauya daga 530 ya koma katsewa bayan daƙiƙa 20, shafin kansa ma ya daina buɗe maka alhali yana buɗe wa kowa, kai kuma ka tafi neman wata matsalar da babu ita. Gwaji biyu ya isa. Sannan ka tsaya ka duba waɗannan.

Sunan shiga. Asusun FTP da aka ƙirƙira a cikin cPanel cikakken sunansa yana haɗe da @ da sunan shafi, kamar adireshin imel. Ka rubuta rabin farko kawai, ba za ka shiga ba. Kuma kalmar sirrin WordPress daban, ta cPanel daban, ta FTP tana iya zama daban.

Allon rubutu. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Kwamfutocin hannu da ake sayowa a Katako ko a shagunan Babbar Kasuwa da yawa maɓallansu QWERTY ne, amma Windows ɗin da aka zuba musu AZERTY yake karantawa. Ka danna A ya rubuta Q, ka danna W ya rubuta Z, ka danna 1 ya rubuta &, ka danna 2 ya rubuta é, domin a AZERTY sai ka riƙe Shift lambobi ke fita. Alamar @ kuma AltGr da 0 ce. A filin kalmar sirri ɗigo-ɗigo kawai kake gani, ba za ka taɓa lura ba. Buɗe Bloc-notes, ka rubuta kalmar a can da idonka a kai, ka kwafo ta. Maɓallin Windows da sandar sarari suna sauya tsarin allon, kuma Alt da Shift ma suna yi, shi ya sa yake sauyawa ba da saninka ba.

Kwafowa daga WhatsApp ko imel. Sau da yawa sarari ɗaya yana biyo kalmar a ƙarshe. Liƙa ta a Bloc-notes, danna maɓallin Fin, ka ga ko alamar rubutu tana manne da harafin ƙarshe. Idan hoto aka turo maka, kula da ƙaramin l da babban I, da O da sifili.

Duk ka duba bai yi ba, kada ka ɓata yini: shiga cPanel, Comptes FTP, ka sauya kalmar sirrin, ka jira ƴan mintuna, ka gwada sabuwar.

Idan an riga an toshe ka, a kan intanet ɗin waya sa yanayin jirgin sama na ɗan lokaci ka cire, sau da yawa adireshin yana canzawa. Ka kuma sani cewa kamfanonin waya suna haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi guda, don haka wani lokaci laifin wani ne ya shafe ka.

Hattara: a siba ko kwamfutar aro, zaɓi Demander le mot de passe a Type d'authentification. In ba a sa babbar kalmar sirri ba, FileZilla yana ajiye kalmomin a wani fayil da duk mai ɗan sani zai iya karantawa. In ka yi amfani da Connexion rapide, goge tarihinsa ta ƴar kibiyar da ke gefensa kafin ka tashi.

6. TLS da agogon kwamfuta

Taga ta fito tana cewa takardar shaidar saba ba a san ta ba: a haɗuwar farko wannan ba abin tsoro ba ne. Karanta sunan da ke jiki, idan na kamfanin masaukinka ne ko na shafinka, karɓa. Idan ta ce wa'adin takardar ya ƙare ko bai fara ba, duba kwanan watan kwamfutarka kafin ka zargi kowa. Tsofaffin injuna da ƙaramin batirin cikinsu ya mutu suna komawa shekarun baya duk lokacin da wuta ta ɗauke. Gyara kwanan wata, ka sa yankin lokaci a UTC+01:00, Afrique centrale - Ouest. A kwamfutar tebur batirin CR2032 ne, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. A ta hannu kai wa mai gyara, don wasu da ƴar waya yake haɗe.

Idan kuskuren GnuTLS ne ya fito, za ka iya zaɓar Connexion FTP simple a filin Chiffrement na Gestionnaire de Sites don gwaji kaɗai. Ya shiga, ka gano cewa TLS ne ke samun cikas, yawanci daga manhajar kashe ƙwayoyin cuta. Kada ka zauna a haka: a wannan yanayi kalmar sirrinka a fili take tafiya, musamman a wifin jama'a.

7. Ya shiga, amma folda ta ƙi fitowa

Wannan shi ne ya fi rikita mutane, domin an ce "Connecté", sannan a yi shiru, sannan "Impossible de récupérer le contenu du dossier" ko lamba 425. Dalili shi ne FTP hanya biyu yake buɗewa. Kamar aika kaya a tashar mota ne: a gaban teburi kake ba da suna a rubuta maka takarda, amma kayan ta wata ƙofar ake shigar da su. Ƙofa 21 teburin ce kawai. Jerin folda da fayilolin kansu ta hanya ta biyu suke bi.

A yanayin Actif, saba ce ke ƙoƙarin buɗo hanya ta biyun zuwa kwamfutarka. A bayan boks na gida ko intanet ɗin waya ba ta da yadda za ta iso ka. A yanayin Passif, saba ce ke faɗin ƙofar da ta buɗe, kai ka je. Don haka a Gestionnaire de Sites, shiga Paramètres de transfert, ka zaɓi Passif. A ƙasar nan, inda kusan kowa ta layin waya ko boks yake shiga, ban ga dalilin barin sa a Actif ba.

Idan kana Passif, ka ga layin "227 Entering Passive Mode", sannan ya mutu, to ko katangar kwamfutarka ce, ko ta ofis, ko kamfanin masaukin bai buɗe ƙofofin ba. Gwada da wayar nan ta biyu. In kuwa masaukinka ya yarda da SFTP, koma can kawai: hanya guda yake amfani da ita, wannan ciwon kai gaba ɗaya babu shi.

8. Katangar Windows da manhajar tsaro

A wurin bincike na Windows rubuta "Autoriser une application via le Pare-feu", danna Modifier les paramètres, nemo FileZilla, ka sa alama a Privé da Public. Na biyun yana da muhimmanci, domin Windows yakan ɗauki sabon wifi, har da wanda ka raba daga waya, a matsayin Public.

Avast, Kaspersky da ire-irensu suna da tasu katangar. Dakatar da ita minti 10, ka gwada. Ya shiga, sa FileZilla a jerin waɗanda aka keɓe, ka mayar da kariyar a take. Na sha ganin injin da aka zuba wa manhajar tsaro biyu ko uku, ɗaya ma wa'adinta ya ƙare tun bara, suna ta kokawa da juna. Cire su, ka bar guda. Wadda ta zo da Windows ta wadatar wa yawancin mutane.

Hattara: kada ka kashe katangar gaba ɗaya ka manta da ita don kawai aiki ya tafi.

9. Yana katsewa a tsakiyar aiki

Fara da lissafi. Gudun turawa ya fi na saukewa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Fayil mai MB 500 a kan gudun Mbps 1 zai ci sama da awa ɗaya, kuma zai ci MB 500 daga forfenka. Ka sake shi daga farko, ka biya sau biyu. Saboda haka idan ya katse, duba shafin Transferts échoués a ƙasa, mayar da fayil ɗin layi, kuma da ya tambaye ka abin da zai yi da wanda ya tarar, zaɓi Reprendre, kada ka zaɓi Remplacer. Idan ya gama, gwada girman fayil ɗin a ɓangarorin biyu.

Rezo mai rauni yana sa daƙiƙa 20 ɗin nan su yi kaɗan. A Édition, Paramètres, Connexion, mayar da su 120. Lamba 421 da "Too many connections" kuma tana nufin ka buɗe hanyoyi fiye da yadda aka yarda maka: rufe FileZilla, jira ƴan mintuna, sannan a Paramètres de transfert ka iyakance haɗi zuwa 1 ko 2. A ofishin da mutum uku ke aiki a kan shafi guda, duka a matsayin adireshi ɗaya ake ƙirga su.

Hana kwamfutar barci a saitin wuta, kuma kada ka rufe murfinta. A watannin Afrilu da Mayu da yankewar wuta ke yawaita, batirin kwamfutar hannu zai riƙe ta amma boks zai mutu, don haka babban fayil gara a tura shi ta waya mai cikakken caji, da kebul a haɗe maimakon wifi, da sassafe ko bayan dare ya yi nisa lokacin da rezo ya sarara.

Shafin WordPress fayiloli dubbai ne ƙanana, kowanne kuma sai an buɗe masa hanyarsa. Tura su ɗaya-ɗaya azaba ce, kuma a nan ne ake rasa guda biyu ko uku shafi ya fito fari fat. Dunƙule su a zip guda, ka tura, ka warware shi a Gestionnaire de fichiers na cPanel, sannan ka goge zip ɗin daga saba don kada wani ya sauke shi.

Lamba 550 tana nufin ba ka da izinin rubutu a nan, ko foldar babu ita. Tabbatar kana cikin public_html, ko www idan OVH ne. Izinin da aka saba shi ne 644 ga fayil, 755 ga folda. Duk wanda ya ce ka sa 777 don a huta, kada ka bi shi. Lamba 552 ko kalmar quota: wurinka ya cika, yawanci tsofaffin ajiya ne da akwatunan imel suka cinye shi. Sai sunayen fayil: é, è, ɗ, ƙ, ɓ da sarari suna jawo rikici. Za ka iya tilasta UTF-8 a sashen Jeu de caractères na Gestionnaire de Sites, amma abin da ya fi shi ne ka sauya sunan tun a kwamfutarka, rahoton-taron-tawa.pdf, ƙananan haruffa, ba ƙugiya.

10. Rubuta wa kamfanin masauki

Kafin ka rubuta, gwada WinSCP, shi ma kyauta ne, da bayanan nan dai. Idan shi ma ya ƙi a kan layi biyu daban-daban, matsalar ba a wurinka take ba.

Saƙon "ça ne marche pas" zai sa a yi kwana ana maka tambayoyi. Danna dama a filin bayanan FileZilla, kwafe shi duka, ka liƙa a saƙon. Ƙara lambar adireshinka na yanzu, wadda za ka samu idan ka rubuta "mon ip" a Google, da sunan shiga, da ƙofar da ka buga, da sakamakon Test-NetConnection, da lokacin da abin ya faru a agogon Nijar. Tambaye su kai tsaye ko an toshe adireshin, ko ƙofofin Passif a buɗe suke, ko asusunka yana da SFTP da kuma ta wace ƙofa. Kalmar sirri kuwa kada ka sa ta a saƙon, ba sa bukatarta. Idan aikin na gaggawa ne, kafin su amsa tura fayil ɗin ta Gestionnaire de fichiers na cPanel, wanda ta Chrome ko Firefox yake bi, ba ruwansa da ƙofa 21.